Jika 14 na ba da don agogo ya gaya mini abin da ke zaburar da ni a bakin barci

Wanda yake tambaya ko agogon nan na hannu da ake cewa yana auna barci ya cancanci kuɗinsa, amsar tana ga abin da ya kai shi saye. In so kake ka san awa nawa kake samu a dare, saya, zai yi maka. In kuwa abin da ya kai ni ne zai kai ka, wato zabura da jin ƙara daidai lokacin da barci ya fara ɗaukarka, to riƙe kuɗinka tukuna ka ji yadda muka kwashe da shi.

Ni tela ne, shagona yana Zango, nan Damagaram. Duk wanda ya san sana'ar ya san ba mu da dare idan salla ta gabato. Da rana masu kawo ɗinki ba sa barinka ka zauna, kuma sau da yawa sai dare ya yi kuran, wato wutar lantarki, yake tsayawa da ƙarfin da injin surfani zai ja. Haka muke kai wa ƙarfe 2, wani lokaci 3, da ƴar butar shayi a kan gawayi bakin ƙofa. A irin wannan lokacin ne abin ya tsananta mini. Da ma ina yinsa jefi-jefi tun ina saurayi, ban taɓa ɗaukarsa komai ba.

Abu biyu ne. Na farko, ina kwance, ido ya rufe, hankali ya fara nisa, sai in ji na taka inda babu ƙasa, ƙafata ta dama ta harba da kanta, wani sa'in har da kafaɗa. In farka zuciya na bugawa. Uwargida ta mayar da shi abin tsokana, wai har cikin barci ban daina taka keke ba. Na biyun shi ne wanda ya hana ni sakewa. Ƙara ce guda ɗaya tak, mai ƙarfi, kamar an maka ƙofar ƙarfe ta shago, amma a tsakiyar kaina. Babu ciwo ko kaɗan. Wani lokaci da ɗan walƙiyar haske. Na sha tashi in ɗauki tocila in zagaya tsakar gida, in tarar da yara na ta barcinsu, awaki ma ba su motsa ba. In tambayi uwargida ko ta ji wani abu, ta ce ita dai ba ta ji komai ba sai tashina.

A Kasuwar Dole na sayi agogon, wajen masu kayan salula. Ba shi da wani suna da za a ce an sani, irin waɗanda ake kwasowa daga Kano ne cikin kwali, kuɗinsu na hawa da sauka tare da canjin naira. Yaron da ke sayarwa ya fara da jika 18. Na gaya masa abin da nake nema, ya ce, "Maigida, wannan ai har juyin da ka yi cikin dare sai ya rubuta maka. Ga tansiyo, wato awon hawan jini, ga bugun zuciya, ga numfashi, likita ne a hannunka." Muka daidaita a 14. Ban zarge shi ba, abin da ke rubuce a kwalin yake maimaitawa.

Ta fuskar jiki ba laifi. Ba shi da nauyi, ba ya kama zare ko yadi ina aiki. Caji ɗaya yana kai ni kusan mako. Fuskarsa ba ta ganuwa cikin rana tsaka, sai ka kare da tafin hannu. Igiyar roba ce, kuma a zafin watan Afrilu da Mayu namu, da ake haura digiri 40, gumi na taruwa a ƙarƙashinta har ta yi mini ƙuraje. Da na je wajen dukawa aka yi mini ta fata, shi ke nan. An ce ruwa ba ya shigarsa, amma ni cire shi nake yi duk alwala, ko don ruwa ya kai inda ya kamata. Sai dai kowace cirewa dama ce ta mantawa da shi a bakin buta. Manhajar da ake sa wa a salula da Faransanci take, ƙanena da ke karatu a jami'ar André Salifou shi ya haɗa mini su.

Da safe kana buɗe salula za ka ga wani dogon layi an yanka shi launi-launi: shuɗi mai duhu wai barci mai nauyi, shuɗi mai haske wai marar nauyi, ja-ja inda ka farka. A sama an rubuta lokacin da ka kwanta, lokacin da ka tashi, da maki bisa 100. A nan ne agogon ya yi mini aikin da zan yaba masa har gobe. Da a ce ka tambaye ni a lokacin, cewa zan yi ina samun awa 6. Agogo ya ce awa 4 da ƴan mintoci, yau haka, gobe haka. Na yi musu, na riƙa duba lokacin kwanciyata da na kiran assalatu da kaina, na tarar gaskiyarsa. Likitocin barci kuwa awa 7 ko fiye suke ba babban mutum shawara. Mutum yana iya yi wa kansa kwaskwarimar lissafi, amma ganin lambar a rubuce kullum safiya yana da nasa nauyi.

Amma abin da na saye shi dominsa, bai taɓa gani ba. Akwai daren da muka kwana a tsakar gida saboda zafi, na zabura har ƙafata ta tumɓuke sandar da aka ɗaura gidan sauro, ya rufto a kanmu, uwargida ta tashi tana salati. Da gari ya waye na yi saurin dubawa, ina cewa yau kam na kama shi. Layin nan sumul yake, shuɗi mai haske daga 2 da kwata har wajen 3, ko ɗigon ja babu. Ƙarar kuwa ba a maganarta. Ba ta cikin iska balle wata na'ura ta ɗauka.

Da ƙanena ya zauna ya yi mini bayanin abin da ke cikin agogon, sai na ga ba ta yadda za a yi ya gani. Kayan aikinsa biyu ne kacal. Akwai ɗan abin da ke jin motsin hannu, irin wanda ke sa hoton salula ya juya in ka karkata ta. Akwai kuma koren hasken nan da ke ƙyaftawa a bayansa, yana haska fata yana auna yadda jini ke ƙaruwa da raguwa da kowane bugun zuciya. Daga waɗannan biyun yake kintatar sauran. In hannu ya daɗe bai motsa ba kuma bugun ya sauka, sai ya ce ka yi barci. Zaburar bakin barci kuwa ko rabin daƙiƙa ba ta kaiwa, kuma a ƙafa take, shi yana hannu, ga shi da minti yake nuna lissafinsa. Inda ake auna barci na gaskiya, a asibitocin da ke da ɗakin gwajin, wayoyi ake manna wa mutum a fatar kai da gefen ido da haɓa, har da ƙafafu, ana karanta aikin ƙwaƙwalwa daƙiƙa 30 bayan daƙiƙa 30. Da wannan ake rarrabe barci mai nauyi da marar nauyi da na mafarki. Saboda haka shuɗin nan mai duhu da nake kallo kullum, kintace ne aka yi masa ado.

Da na gane haka sai na fara gwada shi da gangan. In na kwanta shiru ina sauraron rediyo, ido biyu, sai ya rubuta mini barci. Ƙailular da nake yi a kan benci bayan azahar, wadda barci ne na haƙiƙa, yawanci ba ya sa ta. Ina zaune a kan keke tun safe ban je ko'ina ba, hannu na kai da kawo wajen tura yadi, ya ba ni dubban taku, har da taya ni murna. Wanda ya fi ba yaran shago dariya shi ne ranar da na naɗe ragowar shadda na ɗaura masa, na danna awon zuciya. Ya ɗan yi ƙyafte-ƙyaftensa, sai ga 76. Muka danna tansiyo, shaddar nan ta fito da lafiyayyen jini.

Wannan na tansiyo shi ne abin da ban yafe wa masu ƙera shi ba. Sauran wasa ne, wannan kuwa zai iya cutar da mutum. Dattijo mai hawan jini ya ɗaura, ya ga lamba mai kyau kullum, ya ajiye maganinsa, wa gari ya waya?

Amsar da nake nema a bakin mutum na same ta. Akwai wani majo, ma'aikacin jinya, da nake yi wa ɗinki shekara da shekaru, ya zo karɓar kayan sallar yaransa ya ga abin a hannuna. Na ba shi labari ina ɗan jin nauyi, don ba kowa za ka gaya wa kana jin ƙara a ka ba tare da ya yi maka wani kallo ba. Bai yi dariya ba. Ya ja kujera ya ce, "Malam, bari in yi maka tambayoyi, ka ba ni amsa tsakani da Allah." Ko abin yana zuwa da rana ina farke? A'a. Ko da safe bayan na tashi hannuna yana fizga har in saki kofi? A'a. Na taɓa farkawa na tarar na ciji harshe, ko na jiƙa shimfiɗa, ko an ce na sandare ban sani ba? A'a. Ƙarar tana zuwa da ciwon kai mai tsanani, ko wani sashe na jiki ya mutu, ko baki ya karkace? A'a. Uwargida tana cewa ina minshari har numfashi ya ɗauke in farka ina haƙi? A'a. Sai ya rage murya, don yara na wurin: ina shan tramol don jure aikin dare? Na ce Allah ya kiyashe ni. Ya ce dole ya tambaya, don ƙwayar tana iya jawo fizgar jiki har da faɗuwa irin ta farfaɗiya, kuma ya san abin da ke yawo a gari lokacin da aiki ya yi wa mutane yawa.

Ya ce da na amsa e ga ko ɗaya daga cikinsu, da ba zai bar ni in kwana biyu ban je babban asibiti ba, wasunsu ma a ranar. Tunda babu, zaburar abu ne da mutum 6 zuwa 7 cikin 10 suke yi a rayuwarsu. Jiki yana sakin tsokoki yana shiga barci, sai wani saƙo ya kuɓuce ya fizge su sau ɗaya. Ƙarancin barci, gajiya, damuwa da abubuwan da ke hana barci irin su shayi mai ƙarfi, Nescafé, goro da taba, su ne ke ƙara ta. Washegari ya zo da abin awonsa na ɗaurawa a damtse ya gwada ni. Nawa ya ɗan haura, na agogo kuwa yana nan inda yake ba shaddar.

Batun ƙarar, ƙanena ne ya tono mini shi, kuma na yi mamakin daɗewar da aka yi da saninsa. Tun 1876 wani likitan Amurka, Silas Weir Mitchell, ya rubuta labarin masu jin irin wannan. A 1988 wani likitan ƙwaƙwalwa na Ingila, Pearce, ya sa masa sunan da aka fi saninsa da shi yanzu, wai fashewar kai, duk da ba abin da ke fashewa kuma ba a san shi da yi wa ƙwaƙwalwa lahani ba. A 2015 wani mai bincike, Brian Sharpless, ya tambayi ɗalibai 211 a wata jami'a ta Amurka, kashi 18 cikin 100 suka ce ya taɓa samunsu ko sau ɗaya. Kusan mutum 1 cikin 5 ke nan. Na dubi layinmu na teloli na ce lalle akwai masu ji suna shiru. Da na fara maganar a fada, mutum biyu suka ce su ma, ɗaya ya ce shi sunansa yake ji an kira da ƙarfi, ya amsa, babu kowa.

Inna ba ta karɓi ko ɗaya daga cikin wannan ba. A wajenta iska ce, kuma dalilin a fili yake: mutum yana ratsa unguwa ƙarfe 3 na dare, lokacin da ba na mutane ba. Ta ce, "Kai dai ka riƙe addu'a, ka bar biye wa agogo." Ban yi gardama da ita ba. Alwala kafin kwanciya, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, da addu'ar da ta zo a hadisi ga wanda ke firgita cikin barci, duk ina yi, kuma ina jin natsuwarsu. In ka lura ma, ita da majo magana ɗaya suka yi ta ƙofa biyu: ka dawo gida da wuri. Abin da kawai na gyara mata shi ne da ta ce dannau ne. Dannau na san shi, ya taɓa kama ni ina yaro: kana farke, kana ganin ɗaki, ka kasa ɗaga ko yatsa. Wannan kuwa jikin ne ke motsi ba da izininka ba.

Shayin ne ya fi yi mini wuyar taɓawa. Mu a nan zubin farko, mai ɗacin nan da aka bari ya tafasa ya ƙara tafasa, shi ne man aikin dare. Ni kuma ina ƙara goro a kai. Sinadarin da ke cikinsu mai wartsakar da mutum yana ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. A wani gwaji da aka buga a 2013 a Amurka, an ba mutane miligiram 400 na sinadarin awa 6 kafin su kwanta, barcinsu ya ragu da fiye da awa 1. To ina ga wanda ya kurɓi zubin farko ƙarfe 1 ya kwanta ƙarfe 2? Gajiya na jansa ƙasa, shayi na jansa sama, a tsakani ƙafa take harbi.

Bayan salla na mayar da shayina na ƙarshe zuwa bayan la'asar. In aka zauna fada da dare ina karɓar zubi na uku, wanda ya zama ruwan sukari, don kada a ce na yi girman kai. Goro na bar shi ga safiya. Na ɗauki ƙarin yaro ɗaya don in riƙa rufe shago da wuri. A nan agogon ya sake yin amfani, don shi ne ya nuna mini awa 4 ta zama 6, wani dare har da rabi. Zaburar ta koma jefi-jefi yadda take a da. Ƙarar ta yi nisa sosai, kuma ranar da ta zo ba na tashi neman tocila, juyawa nake in koma. Da wata sallar ta zagayo muka koma aikin dare, duka biyun suka dawo, ba su yi mini kara ba.

Akwai wata illa tasa da ban yi zato ba. Makin nan bisa 100 yana shiga rai. Na kai matsayin da zan tashi garau, in duba in ga 52, sai in ji jikina ya mutu, in wuni ina hamma. Da dare kuma in kwanta ina tunanin nawa zan ci gobe, tunanin ya hana barcin zuwa. Ashe ba ni kaɗai ba ne, tun 2017 wasu likitoci a Chicago suka ba da rahoton marasa lafiya da neman cika makin irin waɗannan na'urori ya ƙara lalata musu barci. Ga mai fama da zabura wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda fargaba tana cikin abubuwan da ke hura ta. Ƙanena ya nemo inda ake ɓoye makin ya ɓoye, ya bar mini lokacin kwanciya da na tashi kawai.

Masu kabu-kabu, masu gadi, direbobin hanyar Kano da ta Agadas, ƴan'uwana teloli, duk wanda sana'arsa ke cin darensa kuma yake ce wa kansa yana samun isasshe, wata guda da wannan agogon zai ishe shi ya ga inda yake. Aro ma ya wadatar, ba sai an saya ba. Wanda ya ga ɗaya daga cikin alamomin da majo ya lissafa, jika 14 ɗin nan kuɗin ganin likita ne, kada ya kai su kasuwa. Haka mai jin ƙafafunsa na damunsa da dare har sai ya motsa su ko ya tashi ya taka, wannan wani abu ne daban, sau da yawa yana tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, gwajin jini ke nuna shi.

In ka yanke shawarar saye, ka sa a haɗa shi da salularka a gabanka kafin ka biya, don wasu manhajojin ba sa hawa tsofaffin wayoyi. Ka nemi wayar caji ta biyu tun a ranar. Mai maganaɗisu ce, kowane iri da tasa, tawa da ta ɓata sai da na zagaye rumfunan kasuwar kaf kafin in samu mai shiga, a jika 2. Kuma ka tafi da ɗan ƙyalle a aljihu, ka naɗe shi ka ɗaura masa agogon a gaban mai kaya, ka danna awon zuciya. In ya ba ƙyallen lamba, ka sa a rage maka kuɗi.